Ɗaki a kulle cikin gidan haya: yadda wata rigima ta faro kuma ta ƙare a Maraɗi

Gidan da yadda aka shige shi (Satumba zuwa Oktoba 2023)

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin makarantar sakandare ne da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tasawa zuwa Maraɗi ana dab da komawa makaranta a shekarar 2023. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, sai ƙanensa da ya samu gurbi a Jami'ar Dan Dikko Dankulodo, wanda aka shirya zai zauna tare da su. Kamar yadda akasarin baƙin ma'aikata ke yi, ya bi ta hannun dillali, shi kuma ya kai shi wani gida na bulo mai rufin kwano a unguwar Zariya, mai ɗakunan kwana uku da falo, da madafa, da makewayi biyu, da ƙaramar mangaza a kusurwar tsakar gida. An daidaita a kan jika 60 na sefa a wata, wato sefa dubu 60. Ya biya wata uku gaba da kuɗin ajiya na wata ɗaya, ya sallami dillali, ya tare a farkon Oktoba.

Mai gidan wani Alhaji ne ɗan kasuwa mai harkar hatsi da wake, wanda ya mayar da iyalinsa Katsina ya bar mahaifiyarsa a gidan har Allah ya yi mata rasuwa. Ranar da aka zagaya da malamin, ɗaya daga cikin ɗakunan uku yana rufe da kwaɗo, haka ma mangazar. Dillali ya ce kayan tsohuwa ne a ɗakin, na mangazar kuma tarkacen Alhaji ne, kuma ba za a wuce mako biyu ba a kwashe su ba. Alhaji da bakinsa ya maimaita haka ta waya: “Malam, ka shiga abinka, kayan ba za su dame ka ba, da na shigo zan sa yara su kwashe.” Ba a rubuta yarjejeniya ba, ba a ƙirga abin da ke cikin wuraren biyu ba, ba a kuma ba malamin mabuɗin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ke hannunsa na shaida kawai shi ne ɗan littafin da ƙanen Alhaji ke sa hannu a ciki duk ran da ya karɓi kuɗin wata.

Lokacin ma ya ba Alhaji uzuri mai ƙarfi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyakarta, hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa kuma ta daina biyuwa yadda aka saba.

Watannin haƙuri (Nuwamba 2023 zuwa Maris 2024)

Mako biyu ya zama wata biyu. Malamin da matarsa da ƙananan yara biyu suka ɗauki ɗaki ɗaya, aka bar wa 'yan mata ɗaya, ƙanen nasa kuma yana shimfiɗa katifa a falo da dare ya naɗe ta da asuba, littattafansa na jami'a suna cikin kwali a bayan kujera. Malamin bai matsa ba, saboda kayan mamaciya ne kuma yana jin nauyin a ce shi ne ya ɗaga murya a kansu. Yakan dai tuna wa ƙanen Alhaji idan ya zo karɓar kuɗi, amsar kuma ba ta canzawa: Alhaji na nan tafe.

A watan Nuwamba, da kaka ta yi, ƙanen Alhaji ya zo da amalanke biyu aka jibge buhunan wake 20 a mangazar, aka sa musu maganin ƙwari mai ƙarfin wari aka rufe. A nan ne ta bayyana cewa mangazar ba wurin tarkace ba ce, rumbun kasuwanci ne da ake ci gaba da aiki da shi a cikin gidan da wani ke biyan kuɗinsa. Uwargidan ta hana yara wasa a wannan kusurwa, ta kuma fara ƙorafin cewa samarin da ke zuwa duba buhunan sukan yi sallama ne bayan sun riga sun turo ƙofa, a lokacin da maigida yake makaranta.

Neman haƙƙi a fili (Afrilu zuwa Yuni 2024)

An buɗe iyakar ƙasashen biyu a watan Maris 2024, Alhaji kuma ya zo Maraɗi da ƙaramar Sallah a watan Afrilu, ya leƙo aka gaisa, ya tafi bai taɓa kwaɗon ba. Bayan tafiyarsa malamin ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ɗauki hoton ƙofofin biyu da kwaɗunansu, ya aika wa Alhaji rubutaccen saƙo ta WhatsApp cewa ko dai a kwashe kayan, ko a rage kuɗin haya daidai da wurin da ba ya mora. Amsar da ta zo cikin saƙon murya ita ce ta fara fito da ainihin dalilin jinkirin. Alhaji ya ce gidan nasa ne, amma kayan ɗakin gado ne da ba a raba ba, magada biyar ne, wasu a Katsina, ɗaya a Gidan Rumji, babbar yayarsu kuma a Yamai, kuma ba zai taɓa ko cokali ba sai sun haɗu. Batun ragi bai ce komai a kansa ba.

Malamin ya koma wurin dillali har sau da dama, dillalin yana ba shi haƙuri yana alƙawarin yin magana. Babu abin da ya fito daga nan, domin dillalin ya riga ya karɓi ladansa, kuma Alhaji na da wasu gidajen da shi ke nemo musu 'yan haya.

Da bazara ta yi nisa farashin wake ya ɗaga, zirga-zirgar kwasar buhuna ta ƙaru. A watan Yuni wasu samari biyu suka shigo da rana tsaka uwargidan tana fitowa daga wanka, a ranar kuma malamin ya canza kwaɗon ƙofar gida. Kwana biyu bayan haka ƙanen Alhaji ya zo da mai saye ya tarar da ƙofa a rufe, aka yi cacar baki a bainar maƙwabta, ya ce malamin ya yi garkuwa da dukiyarsu. Maganar ta kai kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, inda aka saurari kowa aka ce babu sata babu duka, saboda haka batun na mai unguwa ne ko na kotu. An dai shawarci malamin kada ya hana su kayansu, shi kuma ya yarda a riƙa zuwa bayan la'asar, lokacin da yake gida. Wannan ya kawo ƙarshen shigar ba-zata, amma ɗakin da mangazar suna nan yadda suke.

Riƙe kuɗin haya (Yuli da Agusta 2024)

Abokan aikinsa sun rabu gida biyu wajen ba shi shawara. Wasu suka ce ya fasa kwaɗon ya fitar da kayan tsakar gida, in Alhaji ya ji ai zai zo da gudu. Wasu suka ce ya daina biya. Ya ƙi ta farko ya ɗauki ta biyu, daga watan Yuli bai ƙara ba ƙanen Alhaji ko dala ba, sai dai duk wata yakan ware jika 60 ɗin ya sa a ambulan ya rubuta sunan watan a bayanta.

Matakin bai motsa kaya ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya sauya maganar da ake yi a unguwa, daga ta mai gidan da ya ƙi kwashe kayansa zuwa ta ɗan hayan da ya ƙi biya. A tsakiyar Agusta Alhaji ya aiko da saƙo cewa malamin ya nemi wani gida kafin ƙarshen Satumba.

Ruwan 30 ga Agusta da abin da ya biyo baya

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 aka tafka ruwan sama a Maraɗi wanda ya rushe gidaje ya kuma yi sanadin rasa rayuka. A gidan da ake magana, iska ta ɗaga kwano biyu daidai saman ɗakin da ke kulle, ruwa ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsa yana malala cikin falo. Malamin ya kira Alhaji a daren bai samu ba, sai ya ɗauki bidiyon ruwan ya aika masa. Ko a wannan hali bai taɓa kwaɗon ba. Da gari ya waye ya kira limamin masallacin layin da maƙwabta biyu suka gani da idonsu, sannan ya samo mai gyara ya hau ta waje ya mayar da kwanon ya ƙara ƙusoshi da katako, aikin ya ci jika 25, ya kuma sa mai gyaran ya rubuta masa takarda.

Bayan kwana uku ƙanwar Alhaji da ke aure a Gidan Rumji ta zo, ta leƙa ta tagar ɗakin, ta fashe da kuka ganin katifar mahaifiyarsu ta jiƙe ta yi baƙi. Kafin ta tafi ta faɗa a gaban mata cewa akwai sarƙa da 'yan kunne na zinari a cikin adakar tsohuwa, kuma gara a tarar da su ran da aka buɗe. Daga wannan rana rigimar ta tashi daga ta kuɗin haya ta doshi zargin sata, wanda ga malamin makaranta ya fi kowace asarar kuɗi muni.

Abin da ya gano game da matsayinsa (farkon Satumba)

Sai a wannan mataki ya nemi wanda ya san doka, wani tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya. Nijar na da doka ta musamman kan hayar gidaje tun 1996, amma tushen amsar wannan lamari yana cikin kundin dokokin mu'amala da ƙasar ta gada daga Faransa. Aya ta 1714 ta yarda a yi haya a rubuce ko da baki, saboda haka rashin takarda bai mayar da shi baƙon da za a kora da saƙon waya ba, ga kuma littafin biyan kuɗi. Aya ta 1719 ta ɗora wa mai gida abu uku ko da ba a ambace su ba lokacin ciniki: ya miƙa abin da ya bayar haya, ya kula da shi yadda zai yi amfanin da aka kama shi dominsa, ya kuma bar ɗan haya ya more shi cikin kwanciyar hankali. Ɗakin da ba a ba da mabuɗinsa ba ba a miƙa shi ba, rufin da ya yaye gyaransa na mai gida ne, samarin da ke turo ƙofa ba izini kuma sun saɓa wa sharaɗi na uku.

Amma magatakardan bai tsaya a abin da ke faranta masa rai ba. Aya ta 1728 ta wajabta wa ɗan haya biyan kuɗi a kan lokaci, kuma mutumin da ke zaune cikin gida yana morar mafi yawansa ba shi da hujja mai ƙarfi ta hana kuɗin gaba ɗaya bisa ra'ayin kansa. Haƙƙinsa a kan wurin yake, ba a kan kayan ba, don haka da ya fitar da su ya bar su a rana da ruwa, ko ya sayar da wani abu don ya fanshe kuɗinsa, da shi ne zai amsa tambaya. Game da lalacewar kayan kuwa, doka ta ɗauki ajiya a matsayin yarjejeniya dabam da haya, wadda ba ta ƙulluwa sai an damƙa wa mutum abu ya kuma yarda ya tsare shi. Wanda ba a nuna masa kayan ba, ba a ba shi mabuɗi ba, ba a ce da shi mai ajiya. Limamin ya faɗi kusan haka ta fuskar fiƙihun Malikiyya: abin da ake saye a haya shi ne amfanin wuri, kuma ko wanda ya karɓi ajiya da hannunsa ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, balle wanda bai karɓa ba.

Hanya biyu aka nuna masa. Ko ya ɗauko wisiye, jami'in shari'ar da ke zuwa ya rubuta abin da ya gani a takardar da kotu ke karɓa, sannan a aika wa Alhaji gargaɗi a hukumance, ko ya fara da mai unguwa. Dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada da na mu'amala, ana rubuta abin da aka amince a kai kowa ya sa hannu, in kuma sulhu ya gagara ƙofar kotu a buɗe take. Ya zaɓi ta biyu saboda sauƙin kuɗi, da kuma sanin cewa Alhaji ba zai ƙi amsa kiran mai unguwar da aka haife shi a gabansa ba.

Zama a zauren mai unguwa (mako na uku na Satumba)

Abu na farko da malamin ya yi da aka zauna shi ne ya ajiye ambulan uku a gaban mai unguwa, jika 180 cif, ya ce kuɗin Alhaji ne, a riƙe su har a gama magana. Wannan ya kashe batun cewa ba shi da niyyar biya tun kafin a tayar da shi. Alhaji ya ce: “Ranka ya daɗe, ya ga ɗakin a kulle ya shiga, ban ɓoye masa komai ba.” Malamin ya amsa: “Ranka ya daɗe, mako biyu aka ce mini, ga shi saura kwanaki a cika shekara.” Alhaji bai musanta maganar mako biyun ba. Mai unguwa ya tambaye shi ko jika 60 ɗin kuɗin ɗaki uku ne ko na ɗaki biyu, ya yi shiru, sannan ya ce na gidan ne gaba ɗaya.

Mai unguwa ya ƙi a cakuɗa maganganun. Ya ce batun zinari da lalacewar kaya ba a yanke shi a zaure, sai an buɗe ɗakin a gaban shaidu, batun kuɗi kuma ya jira sai an dawo.

Ranar buɗe ɗakin

Washegari da hantsi aka hallara: Alhaji da ƙanensa da ƙanwarsa, malamin da ƙanensa, liman, wakilin mai unguwa da maƙwabta biyun da suka ga ɓarnar ruwa. Kafin a sa mabuɗi wakilin ya tsayar da kowa ya ce a dubi ƙofar. Kwaɗon shi ne dai na hoton watan Afrilu, har da ɗigon koren fenti a gefensa, ya yi tsatsa har sai da aka ɗiga masa baƙin mai sannan mabuɗin ya juya. Gara kuma ta yi hanyarta ta laka daga ƙasa ta hau gefen ƙofar, ta ƙetara tsakanin ƙyaure da dogarinsa a wuri biyu, ta bushe ba tare da tsagewa ba, abin da ke nuna an daɗe rabon da a buɗe. Sai da kowa ya gani aka ɗauki hoto, sannan Alhaji ya buɗe da hannunsa.

Warin danshi ne ya fara fitowa. Aka riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ana shimfiɗa su a tabarmi, ƙanen malamin da wani almajirin liman suna rubutawa kowa a takardarsa: gadon ƙarfe, katifa biyu wadda ɗaya ta ruɓe, keken ɗinki, jeren kwanoni da langa-langa, tukwanen ƙarfe, darduma, gafaka da Alƙur'ani a ciki wanda ruwa bai kai gare shi ba saboda a rataye yake. Adaka biyu ne. Ta ƙarfe ta tsira, ta katako kuwa gara ta cinye gindinta ruwa ya shiga, cikin zannuwa 31 da ke ciki tara sun yi fumfuna sun manne da juna. Ƙanwar Alhaji ta zazzage adakun biyu da kanta, ta warware kowane ƙullin tsumma, ba zinari.

An ɗan jima ba wanda ya ce uffan, sai liman ya tambayi waye ya shiga ɗakin daga ƙarshe kafin a kulle shi. Alhaji ya kira yayarsu ta Yamai ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta ce ita ta ɗauke sarƙar da 'yan kunnen ranar addu'ar arba'in don kada su ɓata, suna wurinta har ran rabo, kuma ta ɗauka ta faɗa wa kowa. Ƙanwar ta juya ta ce: “Malam, ka yafe mini, zafin rashin uwa ne.” An mayar da kayan ciki bayan sun sha iska, aka ɗora su kan bulo, aka kulle, kowane ɓangare ya tafi da kwafin jerin mai ɗauke da sa hannun shaidu.

Lissafi da cika alƙawari (ƙarshen Satumba zuwa Disamba 2024)

Mai unguwa ya tambayi dillalai biyu da ba ruwansu da rigimar nawa ake ba da ɗaki ɗaya irin wannan a unguwar, aka tsaya a kan jika 12, mangazar kuma jika 3, wato jika 15 a wata, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gidan. Malamin ya nemi a ƙirga ragin tun daga Oktoba 2023. Alhaji ya ce a watannin farko ba wanda ya nemi ragi a wurinsa. Aka yanke a fara daga Afrilu 2024, watan da rubutaccen saƙon ke nunawa, wata shida kenan, jika 90. Aka cire wannan da jika 25 na gyaran rufi daga cikin jika 180, aka miƙa wa Alhaji jika 65, aka mayar wa malamin sauran. An rubuta cewa asarar zannuwa da katifa ba ta kan ɗan haya, an janye maganar tashi, an kuma sa ƙarshen Nuwamba a matsayin wa'adi, in ya wuce za a kwashi kayan bisa jerin da aka rubuta a kai gidan ƙanen Alhaji a gaban wakilin mai unguwa, kuɗin amalanke a kan Alhaji.

An kwashe mangazar cikin mako guda, saboda haka kuɗin Oktoba da Nuwamba ya zama jika 48. Magada sun haɗu a ƙarshen Nuwamba aka yi rabo, aka miƙa mabuɗin ɗakin a makon farko na Disamba, kwanaki kaɗan bayan wa'adi, malamin kuma bai yi magana a kan wannan ba. A ranar aka sa hannu a yarjejeniyar haya ta shekara guda kan jika 60. Magatakardan ya nace a rubuta halin da ɗakin yake ciki, har da tabon ruwa a bango da ɓarnar gara, domin aya ta 1731 tana ɗaukar cewa ɗan haya ya karɓi wuri lafiya lau idan ba a rubuta akasin haka ba, kuma da kuɗin ajiyarsa za a fara ran da zai tashi.

Yadda nake ganin lamarin

Babban laifin na mai gida ne, kuma bai tsaya ga jinkiri ba. Ya san kayan gado ne da ba shi da ikon taɓawa shi kaɗai, amma ya yi alƙawarin mako biyu, ya karɓi kuɗin gida cikakke, ya kuma ci gaba da kasuwanci a mangazar da ke cikin abin da ya bayar haya. Rufe iyaka uzuri ne na gaskiya ga zuwansa, amma bai hana shi rage kuɗi ta waya ba.

Shi kuma malamin, kunyar da ya ji ta wata shida ita ce ta fi komai tsada a gare shi, domin watannin da bai nemi haƙƙinsa a rubuce ba su ne aka ƙi lissafa masa. Hana kuɗin haya gaba ɗaya ya kusa mayar da mai gaskiya mai laifi, kuma da ya kashe kuɗin nan a hidimar gida da zaman zauren ya tafi wata fuska dabam. Abin da ya cece shi shi ne bai taɓa kwaɗon ba ko a daren da ruwa ke shiga falonsa, sai kuma hoton Afrilu da shaidun da ya kira da safe. Dabarar mai unguwa ta raba batun kaya da batun kuɗi ita ta sa kowanne ya warwaru, don muddin zargin zinari na rataye ba wanda zai saurari lissafin jika 15.

Duk da haka ban ga cewa sulhun ya ba malamin cikakken haƙƙinsa ba. Tunda Alhaji bai musanta alƙawarin mako biyu ba, kamata ya yi ragin ya fara daga lokacin da alƙawarin ya karye, ba daga ranar da ɗan haya ya gaji ya rubuta saƙo ba. Mai yiwuwa kotu ta duba wannan, sai dai kuɗin wisiye da na kai-kawo da watannin jira za su iya cinye mafi yawan abin da zai ƙara samu, ga shi kuma da yara huɗu a makaranta da gidan da yake so ya ci gaba da zama a ciki.